Daga Amritsar zuwa Talhan: rawani, almakashi da biza

Jirgin ƙasa mai sauri daga Delhi zuwa Amritsar, birnin ibadar mabiya addinin Sikh a jihar Punjab ta Indiya, awa shida ne da 'yan kai, kusan kilomita 450, kuma babu abin kallo sai gonaki da injinan ban ruwa. Da an doshi Ludhiana sai bangwaye su cika da tallan dillalan biza da makarantun jarrabawar Turanci ta IELTS: Kanada, Ostireliya, Birtaniya. Mu a finafinan Indiya muka san 'yan Sikh, rawani da gemu har ƙirji. A taragonmu kuwa dattawa ne da rawani, samarin da ke riƙe musu jaka galibi sun sha aski, ba a gane su sai da awarwaron ƙarfe a hannu.

Mai a-daidaita-sahu a bakin tasha ya yanka mini rupi 300, muka sha ciniki ya dawo 100, alhali hukumar babban wurin ibadarsu, Harmandir Sahib, tana da motar kyauta daga tashar. Shiga Harmandir Sahib, wanda su suka fi kira Darbar Sahib, ba a biyan ko sisi, kuma ba a tambayar addininka. Za ka miƙa takalmi da safa a ba ka lamba, ka wanke hannu, ka ratsa wani kwarmin ruwa da ke wanke ƙafa, ka rufe kai ko namiji ko mace. Taba da sigari ba sa shiga ko a aljihu. Ginin zinaren yana tsakiyar tafki, ƙofofinsa huɗu, ana rera littafinsu mai shafi 1,430 tun kafin asuba har dare.

Inda na daɗe shi ne langar, ɗakin cin abinci na kyauta da ba ya rufewa. A ƙofa wani ya ba ka faranti mai gida-gida, wani kwano, wani cokali. A zaunar da ku a ƙasa sahu-sahu, mai kuɗi kusa da lebura. Miyar wake ce da ganye, da shinkafa mai madara da sukari, da gurasarsu, wadda ake karɓa da tafin hannu biyu a buɗe. Wanda ya miƙa hannu ɗaya, mai rabo zai tsaya har ya gyara. Babu nama, don haka Musulmi zai ci hankali kwance. Da an tashi a goge ƙasa, wani rukunin ya shigo, dubban mutane a wuni. Masu ɓare tafarnuwa da masu wanke-wanke yawancinsu 'yan sa-kai ne. A gida mun iya ciyarwa, musamman da azumi, amma ban taɓa ganin rabon abinci mai yawan haka babu turereniya babu dorina ba.

Wanda ya tsaya a nan zai rantse kan al'ummar a haɗe yake. Sai ka juya ka fuskanci Akal Takht, kujerar hukuncin addininsu. A watan Yunin 1984 sojojin Indiya suka afka wa harabar don fitar da malamin Sikh Jarnail Singh Bhindranwale da mutanensa masu ɗauke da makamai, aka ragargaza ginin. Har yanzu akwai gurbin harsashi da aka bari a bango da gangan. Ranar 31 ga Oktoba masu gadin Firaminista Indira Gandhi biyu 'yan Sikh suka kashe ta, aka yi kwanaki ana farautar masu rawani, a Delhi kaɗai aka kashe kusan 3,000. Sajjan Kumar, ɗaya daga cikin 'yan siyasar da aka zarga, sai 2018 aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Amma kukan da na fi ji a bakin mutane na cikin gida ne. Hukumar SGPC, da aka kafa a 1920, ita ke riƙe da manyan wuraren ibada da asusunsu, ita ke naɗa shugaban Akal Takht, kuma rabon da a yi zaɓen wakilanta tun 2011. Jam'iyyar Akali Dal ta iyalan Badal ce ta daɗe tana juya ta, shi ya sa ake cewa malami ya koma yaron ɗan siyasa. A Disambar 2024 Akal Takht ta nuna tana da sauran ƙarfi: ta sa Sukhbir Singh Badal, tsohon mataimakin babban ministan Punjab, gadin ƙofa da mashi a hannu da allo a wuya, a nan ma wani ya harbe shi bai same shi ba. Ko kalanda ba su daidaita ba. An karɓi kalandar addininsu mai suna Nanakshahi a 2003, aka yi mata kwaskwarima a 2010, yanzu biki guda sai ka ji wasu yau wasu wani makon. Mu da muka san rigimar ganin wata ba sai an yi mana bayani ba.

A kasuwar bayan harabar na shiga shagon rawani. Mita biyar zuwa shida ake yanka wa babban mutum, a wanke a cire sitaci, mutum biyu su ja gefe da gefe suna naɗe bakin ciki, sannan a ɗaura bisa gashin da aka tufke a tsakiyar kai. Na ce, “Sardar ji, rage mini.” Ya rage rupi goma a mita, ya ƙara da shayi. A nan ya lissafa mini abubuwa biyar da Guru Gobind Singh, jagoransu na goma, ya ɗora wa Khalsa, wato waɗanda suka yi mubaya'ar riƙe addinin sosai, a 1699: gashi ba aski, matajin katako, awarwaro, gajeren wando, da wuƙar kirpan. Haramun huɗu kuma: aski, taba, zina, da naman da aka yanka irin yankanmu. Ya ce gashin ne ke kayar da yara. Wanki da shanya gashin da ya kai ƙugu aiki ne, taza sau biyu a rana, ga zafi, ga tsokana a makaranta. Yanzu akwai masu ɗaura wa mutum rawani a biya su, kuma cinikinsu na ranar biki ne. A waje kuma doka ce: Birtaniya ta yafe musu hular kwano tun 1976, Faransa ta hana rawanin a makarantun gwamnati a 2004, lardin Quebec na Kanada ya hana shi ga malamai da 'yan sanda sabbin ɗauka a 2019.

Garin Dera Baba Nanak yana bakin iyakar Indiya da Pakistan. Rabon ƙasa na 1947 ya bar Nankana Sahib, mahaifar Guru Nanak wanda ya kafa addinin, da Kartarpur inda ya rasu a 1539, a cikin Pakistan. Kartarpur ɗin bai wuce kilomita huɗu zuwa biyar daga Dera Baba Nanak ba. An buɗe hanya ba biza a Nuwamban 2019, dala 20, a je a dawo a ranar, amma ga masu takardun Indiya kawai, kuma an dakatar da ita a Mayun 2025. Wani jami'i a shinge ya juya koren fasfona kamar ya tsinci ƙazanta, ya jefo mini shi, ya ce in matsa. Tsofaffi na tsaye suna hango farar ƙubbar Kartarpur da na'urar hangen nesa.

Talhan, kusa da Jalandhar, ita ta fi tsaya mini a rai. A bakin wurin ibadar Baba Nihal Singh jiragen sama na wasan yara aka daɗe ana sayarwa, masu neman biza su saya su kai ciki. A wannan wurin dai aka gwabza a 2003 tsakanin 'yan ƙabilar Jat masu gonaki da Dalit, waɗanda ake ɗauka masu ƙasƙantaccen asali, kan wa zai shiga kwamitin kula da shi. Addinin ya soke bambancin asali, ƙauyen bai soke ba. Kusan kashi 32 cikin ɗari na mutanen Punjab Dalit ne, kuma bayan kashe malaminsu Sant Ramanand a Vienna a 2009, wasu mabiya Ravidas, waliyyin da Dalit ɗin ke girmamawa, suka ayyana addininsu daban a 2010.

Wani dattijo manomi a ƙauyen gaba ya sauke ni, ya ƙi karɓar komai, matarsa tana ta ɗura mini man shanu a gurasa. Ƙauyen ɗakunan ibada biyu ne, kowa ya san na wane ne. Gidajen bene a kulle, tankin ruwan wani siffar jirgi, 'yan ƙwadago daga Bihar ke noma. 'Ya'yansa suna Brampton a Kanada, jikoki suna jin Punjabi amma ba sa karanta Gurmukhi, rubutun harshen. Samarin da suka rage, in ji shi, farar hodar da suke kira chitta ke cinye su. Ƙidayar 2011 ta ba 'yan Sikh kashi 57.7 a Punjab, daga 59.9 a 2001. Kanada ta ƙirga sama da 770,000 a 2021.

Anandpur Sahib, garin da aka kafa Khalsa, fara ce tas, a gindin tsauni, gidan tarihinta ya cancanci a shiga. Chandigarh tsada kawai. A Delhi na sake cin langar a Bangla Sahib kafin filin jirgi.