Yadda na rabu da ciye-ciyen bayan isha'i a Garwa

Duk wanda ya zauna a Garwa, a arewacin Kamaru, ya san daga watan Maris zuwa farkon Mayu rana ba ta barin mutum ya ci abin kirki. Zafi kan haura digiri 40, ka sa loma a baki ta ƙi wucewa, sai ruwa kake ta ɗirka. Ci ba ya buɗewa sai rana ta faɗi, iska ta fara tasowa daga kogin Binuwai. Saboda haka da yawanmu abincin yini guda a cikin awa huɗu ko biyar na dare muke haɗiye shi, kuma ko zafin ya wuce jiki ya riga ya saba.

Ni tela ne, sana'ar zama ke nan tun safe har magariba. Ranar da gwiwoyina suka fara yi mini gardama wajen tashi daga sujada na je asibiti. Likita ya auna jini ya ce ya fara hawa, sannan ya ba ni ƙa'idar da ta fi dacewa da mai tef a wuya: awon ƙugun mutum kada ya kai rabin tsawonsa. Mai tsawon santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Ban buƙaci kowa ya auna ni ba, na san lambata, ni nake ƙara wa wandunana yadi duk sallah.

Da ya ce in lissafa masa abin da nake ci, sai na ga abincin gida ba shi da wani laifi. Da safe kunu ko shayi, da rana ɗan abin da ya samu, wani lokacin ba komai, bayan magariba tuwon masara ko na dawa da miyar yakuwa ko kuka. Abin da ke biyo bayan isha'i ne ya fi tuwon yawa. Muna da majalisa a bakin teburin mai shayi, nan ake labarin kasuwa, da kuɗin auduga, da wasan Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinmu. Shayi da madarar gwangwani, rabin dogon burodi da ƙwai ko mayonez, wani ya aika a sayo tsire a baje takarda a tsakiya, ga kwalbar soyayyar gyaɗa tana zagayawa. In an yi sa'a wani ya samu ciniki, har gasasshen kifin tafkin Lagdo da lemon kwalba mai sanyi.

Lissafin sukari ne ya fara tayar mini da hankali. Ƙwayar sukari ɗaya, irin ta kwali, kimanin giram 5 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, in ma zai iya ya tsaya a 25. Ni kuwa ƙwaya huɗu nake sawa a kofi, in sha uku kafin a tashi: giram 60 ke nan, ban ƙirga madarar ba, wadda ita ma da sukarinta take zuwa. Babbar kwalbar lemo ita kaɗai ta haura giram 50. Gyaɗa kuma, da nake ɗauka abin tauna ne kawai, giram 100 nata na ɗauke da kalori wajen 570, abin da sai ka yi kusan awa biyu kana tafiyar ƙasa kafin ka ƙone shi. Giram 100 ɗin nan bai fi cikin tafin hannu uku ba.

Abin da kowa ke fara cewa shi ne ka daure, ka kame bakinka. Na gwada, bai kai ni ko'ina ba. Mutumin da ya wuni da kunu kofi ɗaya, ƙamshin tsire ya bugi hancinsa da ƙarfe tara na dare, ba dauriyar da za ta riƙe shi. Gyaran ya fara aiki ne da na koma kan rana. Na ce wa uwargida a riƙa aiko mini da abincin rana shago, ko da zafi ya hana ci: wake, ko ɗanwake ba mai da yawa, ko shinkafa kaɗan da kifi da zogale. Da la'asar in sha kindirmo ba sukari. Wake da ƙwai da nono sun fi burodi daɗewa a ciki, wannan kowa ya san shi a jikinsa. Ta ce, "Malam, ai da ma na daɗe ina faɗa maka, kwanon rana yadda ya je haka yake dawowa." Gaskiyarta.

Da yunwar ta ragu sai na ga ragowar abin ba yunwa ba ce, sabo ne, shi kuwa sabo turken wawa. Hannuna kan tafi kwalbar gyaɗa alhali cikina a cike yake. Nan ne wuyar take, don a wajenmu ƙin ci a majalisa magana ce. Ka janye hannu, wani ya ce girman kai, wani ya ce ko ba ka da lafiya, wani ya ɗauka rowa kake ji kada gobe a ce ka sayo. Kuma tumbi a nan har yanzu shaidar rufin asiri ce. Da na fara ramewa, wata gwaggona ta kira ni gefe tana tambaya ko bashi ne ya yi mini yawa.

Wasu sun ba ni shawarar in bar majalisar gaba ɗaya. Ban yarda da wannan ba, har yanzu ma ban yarda ba. A can nake jin wanda aka yi wa haihuwa da wanda aka yi wa rasuwa, a can rabin masu kawo mini ɗinki suke. Abin da na yi shi ne na faɗa musu a fili, sau ɗaya, cewa likita ne ya hana, jini ya hau. Dattijon cikinmu ya ce, "To ku ƙyale shi, lafiya uwar jiki ce," shi ke nan zance ya mutu. Sunan likita yana kashe gardamar da "ina rage ƙiba" ba za ta taɓa kashewa ba. Kuma ban daina sa kuɗin tsire ba in layi ya zo kaina, don kada a ce ga dalili.

Sai ƙananan dabaru. Na sauya wurin zama, na koma ƙarshen benci inda takardar tsire ba ta isowa sai an miƙo. Na ce wa mai shayi nawa baƙi ne da citta da kanumfari, na riƙa rage ƙwayar sukari ɗaya bayan ɗaya har harshena ya daina nema; yanzu in na kurɓi na wani sai in ji kamar zuma aka dama. Ina zuwa da asuwaki, don bakin da aka goge bai cika son a sake ɓata shi ba, hannu kuma ya samu abin riƙewa. Na bar babur a gida, ina takawa zuwa da dawowa. A gida na roƙa a daina ajiye kilishi da dabino da cincin a ɗakina, a kai su inda sai na tashi wani kafin in kai gare su. Ranar Juma'a ina cin tsirena, tsinke biyu marasa kitse, ba burodi, kuma ba na jin na yi wani laifi.

Abin da ban zata ba shi ne barci. Mukan kai sha biyun dare, ga asuba na jira, barcin bai fi awa huɗu zuwa biyar ba. Likita ya ce ƙarancin barci na ƙara sinadarin da ke tayar da yunwa a jiki, ya rage wanda ke sanar da ƙoshi, shi ya sa wanda bai yi barci ba yake wuni yana kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Limaminmu da na ba shi labari dariya ya yi, ya ce ai Manzon Allah (SAW) ya kasance ba ya son hira bayan isha'i. Ban iya barin hirar ba, amma ƙarfe goma na yi nake sallama. Yawancin tsiren ma bayan goma ake aikawa a sayo.

Ƙugun ya sauka a hankali, har na rage wa wandunana, gwiwa ta yi sauƙi, jinin ma ya dawo kusa da daidai, ko da yake likita bai sallame ni ba. Inda har yanzu nake fama shi ne goman ƙarshe na azumi. Duk tela ya san wannan lokacin: ɗinkin sallah ya taru, ana kwana kan keke, in wuta ta ɗauke a jira ta dawo, abin da ke hana ido rufuwa kuwa shayi mai kauri ne da ƙosai da duk abin da yara suka sayo. A azumin da ya wuce wani abu daga cikin abin da na rage ya dawo. Bana na rage yawan ɗinkin da zan karɓa, na sa ranar rufe karɓa tun tsakiyar wata, kuma na gaya wa yaran shago cewa abin da za a shigo da shi bayan tarawihi kankana ce da ruwa, mai son ƙosai ya ci a waje ya dawo. Babbansu ya ce, "Maigida, kai ke rage tumbi, mu kuma me muka yi?" Sai da na ƙara musu kuɗin shayi kafin suka amince.