Ƙarfe takwas a bakin ruwa

Yammacin Asabar ɗin da ta wuce na kai iyali Tafkin Jabi da ke Abuja, domin cika alkawarin da na daɗe da yi wa yara cewa zan sa su a jirgin ruwa. Mun isa bayan La'asar, yara suka sanya rigunan kariya suka shiga jirgi tare da yayarsu, ni da uwargida kuma muka sami kujeru a wata rumfa da ke daf da inda ake ɗaure jiragen, muka ce a gasa mana tarwaɗa biyu. Kafin kifin ya iso, rumfar da ke damanmu ta kunna kiɗa, ta hagu ta ga ba za a bar ta a baya ba ita ma ta ƙure nata, ga janareto yana ruri a bayanmu, ga wani jirgi mai gudu yana ta kai da komo, matasan da ke cikinsa suna ihu. Sau biyu uwargida tana yi mini magana ban ji ba, sai da ta matso daf da kunnena sannan na ji tana cewa, "Malam, wai wannan ne shan iskar da ka ce?" Ban ba ta amsa ba, domin a lokacin hankalina ya riga ya tafi wani daren Asabar da na kwana cikin jirgi a Ingila.

Bikin kammala karatun ɗan ƙanwata ne ya kai ni Northampton a cikin watan Yuli, shi kuma ya ga babu karramawar da ta fi ya yi mana hayar jirgi na kwana uku, shi da wani abokinsa. Jiragen nan siraran ne ƙwarai, faɗinsu bai kai ƙafa 7 ba, amma tsawon wasu yana kai wa ƙafa 70, kuma a cikinsu akwai gadaje da wurin girki da banɗaki. Suna bin hanyoyin ruwa ne da aka haƙa da hannu fiye da shekara 200 da suka wuce, waɗanda suke kira kanal, a zamanin da dawaki ke jan jiragen gawayin kwal da sauran kaya daga bakin gaɓa. Turbar dawakin tana nan har yau, ita ce mutane ke bi da ƙafa. Tun 2012 wata hukuma mai suna Canal & River Trust ke kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales, kuma ba a yarda jirgi ya wuce gudun mil 4 a awa ba, wato mai saurin tafiya a ƙasa zai iya jerawa da kai kuna hira.

Mun bi kanal ɗin Grand Union, wanda ya haɗa Landan da Birmingham, muka ratsa ramin Blisworth da aka buɗe a 1805. Tsawonsa ya kusa kilomita 3, duhu ne ƙirin, ruwa yana ɗigo mana a kai, kuma da yake babu turbar doki a ciki, a da mutane ne ke kwanciya a kan jirgi suna tura shi da ƙafafunsu a jikin bango har a fita. Muna fitowa daga wannan duhu sai ga ƙauyen Stoke Bruerne, mai gidan tarihin kanal, da jerin ƙofofin ruwa bakwai da ake hawa da sauka da jirage ta cikinsu, da mashaya biyu a bakin ruwa. Waɗannan mashayun su ne ke sa wurin ya cika maƙil a ƙarshen mako. A yawancin kanal kana iya ɗaure jirginka har kwana 14, amma a wurare masu farin jini akan taƙaita zaman zuwa kwana biyu ko makamancin haka, duk da haka wanda bai zo da wuri ba sai ya yi ta neman gurbi. Mu ma da ƙyar muka samu, tsakanin wani jirgi kore da wani ja. Wata dattijuwa mai kare ce ta fito daga koren ta cafe igiyarmu, ta nuna wa yaran yadda ake ɗaure ta a ƙarfen bakin gaɓa ba tare da ta tsinke hanyar masu wucewa ba.

Da aka zo maganar abincin dare na ja tunga, domin ni a sanina mashaya mashaya ce. Yaron ya ce, "Kawu, ka dai leƙa ka gani, iyalai ne ke cin abinci, har da jarirai." Na leƙa, kuma gaskiyarsa ce: tsofaffi da jikokinsu, ma'aurata, masu keke da suka tsaya hutawa, kowa da farantinsa. Duk da haka giya giya ce, ko a hannun wa take, don haka na ce ba zan zauna a ciki ba, muka ɗauki tebur namu mu uku a waje, a can gefe kusa da ruwa. Ba zan ce zuciyata ta kwanta sarai ba, kuma ba fatawa nake ba kowa ba, abin da na yi kawai nake faɗa.

A irin waɗannan wurare ba a zuwa tebur a tambaye ka abin da kake so, kai ne za ka je kanta ka faɗa, ka biya, ka ba da lambar teburinka. Na so in ci soyayyen kifi da dankalin nan da suka shahara da shi, sai Allah ya sa abokin yaron ya ce a tambaya da me aka kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin. Yarinyar da ke kanta ta shiga wurin masu girki ta dawo ta ce da giya ne, kuma ashe hakan abu ne da aka saba a can. Naman kuwa ba yankanmu ba ne, saboda haka gasasshen naman da suke ji da shi ran Lahadi ma sai dai kallo. Na ƙare da gasasshen dankalin turawa guda, an tsaga shi an zuba cuku da wake. Abinci ne mai tsabta da zafinsa, amma salam yake kamar na majinyaci, har sai da na zaro ƙullin yajin da uwargida ta cusa mini a jaka tun daga Abuja, na barbaɗa, yaran suna dariya suna miƙo nasu farantan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin hayaniyar wurin. Mutane sun cika, amma abin da kunne ke ji muryoyi ne da dariya da ƙarar cokula, da kukan agwagi, da ƙugin ruwa idan an buɗe ƙofa jirgi zai wuce, 'yan kallo kuma sun jeru a kan gada suna yi wa sabon matuƙi dariya idan ya daki bango. Kana jin na kusa da kai ba sai ya ɗaga murya ba. Jirage da dama sun bar injinansu a kunne domin cajin batir, ƙarar tana bin ruwa tana shiga jikin ƙarfen jirginka. Ƙarfe takwas na yi, alhali rana tana sama domin Magariba sai bayan tara a wannan lokacin na shekara, sai na ji injinan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ashe sharaɗi ne a cikin lasisin kowane jirgi cewa ba a kunna inji ko janareto a maɗaura daga takwas na dare zuwa takwas na safe. Jirgi ɗaya ne ya saura, na wasu samari da ke shagalin abokinsu mai shirin aure, da kiɗansu da injinsu. Mijin dattijuwar nan ya taka a hankali, ya ƙwanƙwasa jikin jirgin da bayan hannu, ya nuna agogonsa. Babu ɗan sanda, babu cacar baki, inji ya mutu, kiɗa ya koma ciki.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna na kwana. Wajen ƙarfe 11 aka tashi daga mashaya, jama'a suka kwararo kan turba, tagar da nake kwance kusa da ita kuwa daidai gwiwar masu wucewa take. Na sha waƙar wanda ya yi tatil, na sha musun wasu biyu da suka rasa jirginsu, wani ma ya dafa rufin namu har ya yi tangaɗi. Da dare sauti yana tafiya nesa a kan ruwa, domin babu abin da ke tare shi, iskar da ke daf da ruwan kuma ta fi ta sama sanyi, sai ta riƙa lanƙwaso ƙarar ƙasa maimakon ta bar ta ta watse. Amma kafin sha biyu komai ya lafa, kuma na san zai lafa, wannan sanin shi ne ya sa na iya haƙuri da abin. Barcin dai kaɗan ne, tunda Asuba wajen ƙarfe uku take.

Daren Lahadi muka sauka ƙofofin nan bakwai muka ɗaure a cikin saura, babu gida babu fitila, sai tumaki a hayi. Na zaci abin da nake nema ke nan, sai ga shi tun kafin Isha kaɗaici ya kama ni, na riƙa jin kewar cokula da dariyar jiya. Mutum rahama ne, kuma Bahaushen da ya tashi da hirar dandali ba zai ce shiru irin na maƙabarta shi ne hutu ba. Ashe ba hayaniyar mutane ce ke damuna ba, ƙarar na'ura ce wadda ba ta da lokacin tashi.

Idan aka zo batun abinci, Jabi ta yi wa wancan ƙauyen fintinkau. Tarwaɗar da aka kawo mana ran Asabar, da albasa da yaji da ɗan lemon tsami, ta fi duk abin da na ci a kwana ukun nan. Kuma adalci ne a ce mai rumfa a Abuja ba don sha'awa yake kunna janareto ba, idan wuta ta ɗauke lemonsa zai huce, kifinsa ya lalace. Kiɗan ne ba ni da uzurin da zan ba shi. Ƙa'idojin taƙaita ƙara suna nan a rubuce a ƙasar nan tun 2009, amma ni abin da na gani ya yi aiki a can ba takarda ba ce, awa ce guda da kowa ya sani, har dattijo zai iya nuna agogo a ji kunyarsa. Da na je biyan kuɗi na tambayi mai gashin kifin ko ba za a ɗan rage ba, ko da na lokacin sallar Magariba ne. Ya goge hannu a jikin tawul ya ce, "Wallahi Alhaji ni ma kaina ciwo yake, amma idan na kashe nawa, masu zuwa za su ɗauka ban buɗe ba, su wuce wurin maƙwabcina."

Ran Talata bayan sallar Asuba na ce wa uwargida ta zo in biya ta bashin shan iska kafin lokacin ofis. Muka tafi da shayi a fulas da masa a kwano. Jiragen suna ɗaure suna ɗan gogar juna, wani mai kwalekwale yana tuƙi a hayi har muna jin saukar filafilinsa a ruwa, ta ba ni labarin auren 'yar ƙawarta tun daga farko har ƙarshe ban ce ta maimaita ko kalma ɗaya ba. Muna cikin kurɓar kofi na biyu wani yaro ya fito daga bayan rumfa ya fara jan igiyar janareto, ja na farko bai tashi ba, na biyu ma haka, ta dube ni ta fara rufe kwanon masar.