Godiya bayan tafiyarmu daga Doha zuwa Auckland

Alhamdu lillahi, mun sauka Auckland lafiya, kuma mahaifinmu, wanda numfashi ya sarƙe masa a cikin jirgi, ya samu sauƙi har likitoci sun sallame shi. A madadin iyalinmu baki ɗaya nake miƙa wannan godiya.

Tsakanin filin jirgin saman Hamad da ke Doha da na Auckland a ƙasar New Zealand akwai tazarar kilomita 14,500 da 'yan kai, jirgi kuma yakan shafe fiye da awa 16 a sama ba tare da ya ya da zango ba. Lokacin da aka buɗe hanyar a watan Fabrairun 2017, babu wadda ta kai ta tsawo a duniya. Bayan an wuce kudancin Indiya da Siri Lanka, sai a faɗa Tekun Indiya, inda ake awanni ana tafiya babu komai a ƙasa sai ruwa kafin a kai gaɓar Ostireliya. A wannan tsakanin ne Baba ya soma haki, leɓɓansa suka yi duhu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Godiyarmu ta farko ga ma'aikatan jirgin ce, musamman baiwar Allahn da ta kawo tukunyar iskar oksijin, ta durƙusa a gefensa tana riƙe da abin shaƙar a fuskarsa, ba ta ɗaga ba sai da numfashinsa ya daidaita. Sai likitan da ke cikin fasinjoji, wanda ya taso daga barci da jin sanarwa. Shi ya bayyana mana cewa iskar cikin jirgi daidai take da ta saman dutse mai tsayin wajen mita 2,000, abin da mai lafiya ba zai ko lura da shi ba, amma yakan wahalar da dattijo mai raunin huhu idan zaman ya yi tsawo. Matuƙin jirgin ma ya aiko mana cewa a shirye yake ya karkata zuwa filin jirgi mafi kusa a Ostireliya idan likitan ya buƙaci haka, ko da yake hakan zai ɓata wa ɗaruruwan mutane shiri. A ganina wannan saƙon ya fi komai kwantar mana da hankali, duk da cewa ba a kai ga saukar ba.

Muna kuma gode wa fasinjojin da suka bar wa Baba kujerunsu ya miƙe ƙafa, da ma'aikatan motar asibiti da muka tarar suna jiranmu, da 'yan uwa da abokan arziki da suka yi ta kira da addu'a. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Ga masu tambayar dawowarmu, komawa Doha ta fi zuwa daɗewa, domin jirgi yana fuskantar iska, har yakan haura awa 17. Saboda haka likita ya ba da shawarar a raba wa Baba tafiyar gida biyu, ya kwana a hanya, kuma ba za mu taso ba sai an sake duba shi.