Kwamfureso Ba Ya Mutuwa Haka Kawai

A cikin tsofaffin manyan motocin da ake kawo mana gareji a Zariya, babu masu cinye kuɗin masu su a banza kamar waɗanda ke tafiya a kan iska. Ina nufin irin su Mercedes S-Class ƙirar W220 da aka yi daga 1998 zuwa 2005, da Range Rover, da Lexus GX470 mai iska a ƙafafun baya kawai. Maimakon sifirin na ƙarfe, jakar roba ce ake hura wa iska ta ɗauki nauyin mota, kwamfuta kuma tana lura da tsayinta, tana ƙarawa tana ragewa. Idan komai lafiya, za ka bi ramukan cikin Sabon Gari ba tare da ka ji su a ƙugunka ba. Ranar da abin ya tashi lalacewa kuwa, sai mutum ya wayi gari ya tarar da motarsa ta durƙusa a ƙofar gida, tayoyi sun shige cikin fenda.

Abin da aka saba yi a nan kowa ya sani. A kunna mota, a kasa kunne, a ji kwamfureso, wato injin da ke hura iskar, shiru, a ce ya mutu. A aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano a kawo na Beljiyam, a ɗaura, mota ta miƙe, mai ita ya biya ya tafi yana sa albarka. Kafin wata ya zagayo ya dawo da fushi, wai an sayar masa da ruɓaɓɓen kaya. Sau da yawa mai kayan bai cuce shi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ya kashe na farkon, kuma yana nan yana jiran na biyun.

An ƙera kwamfureson nan ne don ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta. Ƙaramin inji ne na lantarki mai fistin guda da zobe ɗaya, kuma yana yin zafi da wuri. Idan akwai yoyo a wani wuri, ya zama kamar yaron da aka sa ya cika randa mai huji: yana zubawa tana tsiyayewa, ba ranar hutu. Zoben ya cinye, ƙarfinsa ya ragu, sai ya ƙara daɗewa yana aiki kafin ya kai matsin da ake so, zafi ya ƙaru, daga nan sai ƙonewa. A W220 akwai wani makashin na biyu, wato rile ɗin da ke ba shi wuta. Idan ya tsufa yakan manne, kwamfureso ya yi ta aiki ko an zare makulli, har ya ƙone ko batir ya ƙare. Kuɗin rile bai taka kara ya karya ba, amma na sha ganin sabon kwamfureso a jikin mota da tsohon rile tun na kamfani. Ni dai a wurina ba a sa ɗaya a bar ɗaya, haka ma fiyus ɗinsa mai amfiya 40, sai na ciro shi na duba bakinsa ko ya yi baƙi.

Abu mafi wuya da aikin nan ya koya mini shi ne barin mota ta kwana. Masu irin waɗannan motoci mutane ne masu uzuri, kuma sun saba a yi musu abu nan take. Wani Alhaji daga Tudun Wada ya kawo tasa da rana tsaka, gefen dama na gaba ya sunkuya, jan rubutu a dashbod yana cewa a tsaya, mota ta yi ƙasa da yawa. Tun kafin ya fito ya riga ya yanke hukunci.

"Malam, kwamfureso ne. Nawa ne a kawo shi yau? Gobe da asuba zan tafi Abuja."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni ita zuwa safiya. Idan na saya maka shi yanzu, ƙila kuɗinka ne zai tafi, ciwon yana nan."

Bai ji daɗi ba, amma ya bar ta. Muka samu ta tashi da kyar, muka ajiye ta a kan siminti inda ƙasa take a daidaice. Na sa yaro ya ɗauko tef ya auna kowace ƙafa daga tsakiyar wili zuwa leɓen fenda, muka rubuta da alli a bango. Sannan na cire wa kwamfutar wuta. Wannan shi ne sirrin gwajin, domin idan ka bar ta da wuta tana iya farkawa ta daidaita motar, ta saki iskar sauran ƙafafun don su yi daidai da mai yoyon, da safe ka ga duk sun sauka ka rasa mai laifi. Da gari ya waye ƙafafu uku suna inda muka bar su, ta dama ta gaba ta faɗi. Muka buɗe bonet, yaron ya kaɗa ruwan omo a gorar roba, ya tsiyaya a saman shokar inda siririn tiyon iska ke shiga. Wurin akwai wani baƙin danƙo da kamfani ya toshe kan da shi, ya tsattsage saboda shekaru da zafin inji. Ba a jima ba kumfa ta fara tasowa, ƙanana ƙanana, a jere bisa tsagar. Wannan sanannen ciwo ne a shokokin gaba na W220. Kwamfureson Alhaji da ransa, gajiya kawai ya yi. Da an kai wata biyu a haka, da shi ma ya tafi.

Yadda mota ta sauka cikin dare yana faɗa maka inda za ka dosa. Ƙafa ɗaya, to jakarta ce ko tiyonta ko bawul ɗinta. Duka suka sauka tare, sai hankalinka ya koma kan akwatin bawul da ke raba iska. Idan kuwa ba ta sauka ko kaɗan ba sai da ka mayar da wuta, to iska ba ta gudu da kanta, kwamfuta ce ke sakin ta, kuma wani ne yake yi mata ƙarya. Akwai kuma yoyon da ke ɓuya. Robar jaka tana naɗewa a kan kanta yayin da mota ke hawa da sauka, kuma a wannan lanƙwasar take fara tsagewa. A wani tsayin naɗin ya rufe tsagar, a wani ya buɗe ta. Shi ya sa mota za ta yi kwana uku lafiya, rana ta huɗu ta kwanta. Sai ka ɗaga ta zuwa ƙarshen tsayinta ka sake zuba ruwan omo. Da hunturu irin na Zariya, lokacin da roba ke ƙagewa da sanyin asuba, nan ne irin wannan yoyon ya fi bayyana, kuma nan ne muka fi samun su a layi.

Maƙaryacin da na ambata yawanci sensar tsayi ce. Ƙaramin abu ne mai hannu, ɗan sanda ya haɗa shi da ƙafar mota. W220 tana da biyu a gaba da ɗaya a baya. Ramin titi ko tudun rage gudu da aka hau da ƙarfi yana iya karya sandan ko ya lanƙwasa shi. Mai canza bushin ma yakan cire shi ya mayar da hannun a juye. Daga nan kwamfuta ta ɗauka mota ta yi sama, ta yi ta sakin iska har ƙasa, ko ta ɗauka ta yi ƙasa ta hura ta har ta sandare. Da damina kuma ruwa da laka su shiga soket, filoginsa su yi kore.

A nan nake da magana da 'yan'uwana masu na'urar bincike, wadda ake haɗawa da kwamfutar mota ta nuna lambar matsala. Yanzu kusan kowane gareji daga Kwangila zuwa Ɗanmagaji akwai mai ita, kuma abin farin ciki ne. Sai dai lambar da take nunawa tana faɗin abin da kwamfuta ta gani ne kawai. Idan ta ce tankin iska ya daɗe bai cika ba, wannan na iya zama raunin kwamfureso, ko yoyo, ko toshewar matatar da yake shaƙar iska ta ciki, wadda ƙurar hazo ke cikawa. Idan ta ce siginar sensa ba daidai ba, yana iya zama waya ce ɓera ya ci. Amfanin na'urar na gaske yana shafin da ke nuna abin da ke faruwa a lokacin: ka ga tsayin da kowace sensa ke faɗa, ka gwada da abin da tef ɗinka ya ba ka, ka tayar da kwamfureso ka ga matsi yana hawa ko yana jan ƙafa. Ƙananan na'urorin da ke karanta inji kaɗai ba sa ma shiga wannan sashe, sai su ce babu matsala alhali mota tana kwance. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a goge lambobi a karɓi kuɗi a ce an gyara. Wanda ya goge kafin ya rubuta ya zubar da shaidar da mai gyara na gaba zai yi aiki da ita.

Kafin duk wannan ma, batir nake fara aunawa. Lafiyayye yana ba da wajen bolt 12.6 a kashe, idan inji na aiki kuma ya kai kusan 14. Kwamfureso yana jan wuta sosai, kuma tsohon batir ko wayar as (wadda ke haɗa batir da jikin mota) mai tsatsa za su sa kwamfutocin motar su yi ta kawo ƙorafin da ba shi da tushe. Aikin minti biyu ne da mita.

Sai Lexus LX470, wadda manyan garin nan ke ƙauna, kuma da yawa suna kiranta mai iska alhali da mai take aiki. Famfo ne ke tura mai ya ɗaga ta, kuma kowace ƙafa tana da ƙwallon ƙarfe mai iskar naitirojin a ciki, shi ke shanye girgiza. Idan ƙwallayen suka tsufa, mota ta dinga tsalle da tauri, sai a ce shoka ce, a canza, ba abin da ya sauya. Gwajinsu ba ya buƙatar kwamfuta. A jikin tankin man akwai zane-zane. Ka saukar da mota ƙasa ka duba inda mai yake, ka ɗaga ta sama ka ƙirga zane nawa ya sauka. Sababbin ƙwallaye suna ba da wajen 14, idan ya gaza 7 sun gama aiki. Wani abin kuma, sandunan toshan na gaba, wato sandunan ƙarfe masu aikin sifirin, da sifirin na baya su ne ke ɗaukar yawancin nauyin. Idan suka saki, nauyi ya koma kan mai, sai ka ga an cika ta da mutane da kaya za a tafi biki ta ƙi tashi. Matsin man na gaba ya kamata ya tsaya wajen 6.9 a ma'aunin matsi na MPa, kuma sau da yawa ɗaure toshan kaɗan ke dawo da shi. Babbar masifar ita ce a ga mai ya ragu a ƙara man birki ko na giya. Wannan yana cinye robobin ciki gaba ɗaya, gyaran da zai tsaya a ƙaramin kuɗi ya koma na sayen rabin mota. Man nata na musamman ne, ba a haɗa shi da komai.

Yaran da ke koyon aiki a hannuna, abu ɗaya ne ba na yi musu sassauci a kai. Ba mai shiga ƙarƙashin irin wannan mota sai an kafa mata ƙafafun ƙarfe. Tiyo ɗaya ya fita, ko kwamfuta ta buɗe bawul, mota mai nauyin kusan tan biyu za ta sauko cikin ƙiftawar ido, kuma ba ta barin wurin da ƙirjin mutum zai tsaya. Haka idan an sa sabuwar jaka, ba a sauke mota daga jak ta zauna a kanta babu iska, domin robar za ta naɗe ba daidai ba ta lalace tun ranar farko. A hura mata tukuna, a sauke a hankali, sannan a saita tsayi da na'ura a kan daidaitacciyar ƙasa.

Tambayar da kusan kowane mai mota ke yi a ƙarshe ita ce ko a cire iskar a sa sifirin a huta. Ba na ganin laifin wanda ya zaɓi haka. Motar da ta haura shekara 20, jakunkunanta huɗu sa'o'in juna ne, idan ɗaya ta fashe sauran suna hanya, kuma na Beljiyam ɗin da za a kawo ma sun sha tasu wahalar a wata ƙasa. Ga mutumin da ke zirga-zirga ƙauyukan Giwa ko Soba, inda ba mai taɓa masa ita idan ta kwanta, sifirin ya fi masa kwanciyar hankali. Abin da ba na yarda da shi shi ne a yanke wannan shawara saboda an kasa gano yoyon da ruwan omo zai nuna, ko a yanko sifirin wata mota a yi masa walda a cusa. Nakan zaunar da mai motar in lissafa masa kuɗin hanyoyin biyu, in gaya masa cewa laushin da ya sa ya saye ta zai ragu, kuma ba za ta ƙara daidaita kanta ba idan an loda mata kaya. Idan ya ce a sa sifirin, sai a nemo wanda aka yi don wannan ƙirar da nauyinta, a cire wa kwamfureso fiyus da rile, a naɗe soket-soket ɗin da aka bari don kada ruwa ya shiga, a kuma rufe gargaɗin dashbod ta hanyar da ba za ta kashe fitilar birki ko ta inji ba. Idan ya ce a bar masa iskarsa, nakan roƙe shi abu ɗaya: ranar da ya ji kwamfureso yana yawan tashi a go-sulo, ko ya ga gefe ɗaya ya ɗan sunkuya da safe, ya kawo ta a makon, kada ya jira jan rubutu.