Tsohon birki ba na yarwa ba ne

Duk mako sai an turo mini irin kekunan nan na gwanjo masu kaurin taya, waɗanda Turawa suka ƙera don hawan tsauni. Mai keken zai jingine shi a bakin shago ya ce, "Maigida, cire wannan birkin ka sa mini na zamani, ba ya ci." Ni kuwa ba na taɓa sifana sai na tsuguna na duba, domin sau da yawa birkin lafiyarsa ƙalau, saiti ne bai samu ba.

Waɗannan kekuna asalinsu Kaliforniya ne a Amurka. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, daga nan sauran kamfanoni suka biyo baya. Galibinsu suna zuwa da birki mai hannu biyu, kowane hannu a ɗaure jikin ƙarfen keken, da 'yar gajeruwar waya da ta haɗa su ta saman taya kamar rataya. Shi ake kira kantiliba. Sai a 1996 Shimano ya kawo V-brake mai dogayen hannuwa, mutane suka juya wa kantiliba baya. Amma ƙarfen da aka yi tsohon da shi, wallahi yau ba ka samun irinsa a kasuwa.

Ni da birkin sanda na fara, na Raleigh da Phoenix, a wajen maigidana, Allah ya jiƙansa. Ranar da aka fara kawo mana keke mai kantiliba, ya sa ni na kwance shi kaf na jera kayan a kan buhu, wanshi bayan wanshi, yadda suka fito. Ya ɗauki sifirin biyu ya ɗora mini a tafin hannu ya ce, "Yaro, dube su da kyau, na dama daban na hagu daban." Har yau in zan koya wa yaran shagona, daga nan nake farawa.

Aikin yana son natsuwa. Ina zare hannuwan daga sandunansu, na wanke tsohon giris da ya daskare da jar ƙasa da kananzir, na goge tsatsa da sanfefa mai laushi, na shafa sabon giris kaɗan. A gindin kowace sanda akwai 'yan huji uku inda bakin sifirin yake shiga. Dole duka ɓangarorin su shiga huji iri ɗaya, galibi na tsakiya. In ɗaya ya hau sama ɗaya ya sauka, robar birki ɗaya za ta yi ta gugar wili har mai keke ya gaji da tuƙi bai san dalili ba.

Sai roba. Wadda ta shekara ashirin a jikin keke ta bushe ta zama kamar dutse, fuskarta na ƙyalli, da ɓarɓashin alminiyam da tsakuwa a maƙale ciki suna cin wilin. A nan ne raina yake ɓaci. Robar da ta cika kasuwa yanzu jabu ce, an buga mata suna mai kyau a kwali, amma ka sa farce sai ka ji kamar robar bokiti. Wani dila ya taɓa kawo mini katan guda da rantsuwar cewa ta asali ce. Cikin mako biyu mutum uku suka dawo mini, wilinsu ya yi baƙi, birki na kuka. Da kuɗina na canza musu duka, kuma tun ranar ban sake karɓar kayansa ba.

Wajen ɗaura sabuwa, sai ta kwanta daidai a jikin wili, kada ta taɓa taya, kada ta zame ƙasa. Bakinta na gaba shi zai riga taɓawa da kamar milimita 1. Ina ninke ɗan kwali na sa a bayan robar, na matse birki, na ɗaure noti da sifana mai lamba 10 ina riƙe da alanki mai lamba 5. Wannan ɗan kwalin shi ke kashe kukan da ke tara wa mutum jama'a a titi.

Sirrin ƙarfin kuwa yana jikin ratayar nan. In ta yi sama da yawa, hannun birkin da kake matsawa a kan keke zai yi tauri amma keke ba zai tsaya ba. Ka sauko da ita kusa da taya, ka bar sarari don laka, nan take za ka ji ya kama. Ina kuma tabbatarwa akwai abin da zai tare ta a gaba, domin in babbar waya ta tsinke ratayar ta faɗa kan haƙoran taya, mutum ta kan keke zai wuntsila.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu ɗaura V-brake su bar tsohon hannun birki. Ba sa tafiya tare, domin V-brake yana buƙatar hannun da ke jan waya mai yawa. Sai ka matsa har ya taɓa kan keke. Irin wannan aikin ake yi da araha, sannan a zo wajena ana cewa, "Haba Maigida, ɗan birki ne fa, can rabin kuɗin nan aka ce." Ɗan birkin nan shi zai tsayar da ɗanka in Adaidaita ta yanko masa a kan hanyar makaranta.

Akwai inda nake cewa a'a. In na ɗora yatsa a gefen wili na ji ya lotsa ciki kamar cokali, ba na sa roba, sai an canza wilin, domin wata rana iskar taya za ta tsage shi. In kuwa wili lafiya, ku kawo mini keken da safe. Ina canza waya da bututunta, na saita, na hau da kaina na gwada a gangaren bayan shago, kafin la'asar ku zo ku ɗauka.