Abin da na koya a aikin lambun Muskau

Na ajiye aikin binciken nan na lambun Muskau da ke kan iyakar Jamus da Folan, kuma ku da muka zauna ofis ɗaya kun san ba gajiya ce ta kore ni ba, halin oga ne.

Ɓangaren da aka ba ni shi ne gano daga ina fasalin wurin ya samo asali. Yarima Pückler, Bajamushen da ya mallaki wurin, ya fara shi a 1815 bayan ya dawo daga Ingila, inda ya ga sun daina yayin lambu irin na Faransa mai miƙaƙƙun hanyoyi kamar na Versailles, sun koma hanya mai lanƙwasa, ciyawa shimfiɗe, bishiyoyi gungu-gungu, ka rantse haka Allah ya halicci wurin alhali duk da hannu aka tsara. Har reshe ya sa aka haƙa daga kogin Neisse aka bi da ruwan ta gefen fadarsa. Tunanin Humphry Repton, mai tsara lambuna ɗan Ingila, ya shige shi sosai, ɗan Repton ma John Adey ya zo Muskau a 1822. Ni na ɗora tsohuwar taswira kan sabuwa, na bi hanyoyin da ƙafa cikin sanyin da yatsu ba sa iya riƙe fensir, ina tsayawa duk inda hanya ta juya don in ga me aka so idon mutum ya faɗa a kai. Wallahi wani wurin taku biyu kawai zaka ƙara sai fadar ta bayyana tsakanin bishiyoyi.

To wannan zanen ne oga ya ɗauka ya kai taro, sunansa a sama, nawa ko a ƙasan shafi babu. Da na yi magana sai cewa yayi ai aikin ofis ne ba na mutum ɗaya ba. Amma abin da yafi min ciwo, shafukan da na rubuta kan Jacob Heinrich Rehder ya ja musu jan biro wai ba su da muhimmanci. Rehder fa shi ne mai kula da lambun, shi ke tsaye kan lebura da dashe lokacin da Pückler ke yawon duniya yana tara bashi har ya sayar da wurin a 1845. Haka ma maganar Machbuba, yarinyar Habasha da Pückler ya saya a kasuwar bayi a Masar, ta rasu a Muskau a 1840 kabarinta na nan, oga yace in cire kar a ɓata labari. Ban yarda ba, har yanzu ban yarda ba.

Ku da kuka rage, ku rubuta sunanku da kwanan wata a jikin kowane zane, ku tura ta imel kar ku miƙa hannu da hannu. Ku je wurin lokacin da ganye ya zube, a nan ake ganin layin hange sosai. Kuma ku tsallaka gada zuwa ɓangaren Folan, tun 1945 iyaka ta raba lambun biyu kuma mafi girmansa yana can, wanda ya tsaya gefen Jamus kaɗai bai ga wurin da UNESCO ta sa cikin jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2004 ba.

Shafukan Rehder suna hannuna, in sha Allahu zan ƙarasa su in fitar da sunana.