Folda 37 da rizol ɗin da ya ja min zagi

Jiya na miƙa makullin ɗakin kwamfuta bayan shekara uku da 'yan watanni a makarantar nan ta gefen Ringim, to tunda na bar wurin bari na faɗi maganar rizol ɗin zango na biyu yadda ta faru, ba yadda aka dinga yayata ta a sitaf rum ba.

Duk wanda ya zauna a wurin ya san manhajar haɗa sakamakon nan da aka rubuta da yaren kwamfuta na PHP, wani malami ne ya fara rubuta ta sannan kofa biyu suka bi ta kai da ƙare-ƙare, kuma kowa in zai taɓa sai ya kwafe foldar gaba ɗaya ya raɗa mata suna. final, final2, final_gyara, sabo, sabo_sabo, har da wata kar_a_taba. Folda 37 na ƙirga a ekstanal ɗin ofis, wato faifan ajiya da ake jona wa kwamfuta, yawancinsu da kwanan wata a jikin sunan. Ni kuma lokacin ɗokin Git ke ɗibata, manhajar nan da ke ajiye tarihin duk canjin da aka yi wa fayiloli, na ji cewa Linus Torvalds ne ya ƙirƙiro shi a 2005 saboda aikin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, nace abin da ya riƙe Linux ai rizol ɗin 'yan JSS 2 ba zai gagare shi ba. Na samu oga na yi masa bayani yace in dai ba kuɗi za a kashe ba na yi.

Aikin ba wuya. Ka buɗe ripo, wato ma'ajiyar aikin a Git, ka zuba folda mafi tsufa ka yi kwamit, wato ka adana yadda take a tarihi, ka share komai ka bar .git kawai, foldar da tarihin ke ciki, ka zubo ta gaba ka sake kwamit, haka haka har ta ƙarshe. Dare ɗaya na gama da inji, ina ta jin kaina.

Inda na ci tuwona shi ne jerin. Na bi kwanan watan da ke jikin sunayen ina karantawa irin namu, rana sannan wata. Akwai 11-03-2022 akwai 06-10-2022, nace Maris da Oktoba kenan, ta Oktoba ita ce sabuwa. Ashe kofan ƙarshe wata yake fara rubutawa irin na Amurka, wato ɗaya 3 ga Nuwamba ce ɗayar 10 ga Yuni. Kuma a ta Nuwamban ne ya gyara makin CA daga 30 zuwa 40, jarrabawa ta koma 60. Tsohuwar kuwa duk yaron da ya haura 30 a CA sai ta datse masa ya dawo 30, shiru, ba ta ce uffan.

Wata uku ba abin da ya faru saboda kwamfutar ofis na kan mai kyau ɗin. Sai ta mutu aka sake mata Windows, ni kuma cikin gadara na sauko da abin da ke kan Git na ɗora. Muka buga katin yara sama da ɗari uku muka raba.

Ranar Litinin wani dattijo ya zo kan mashin da katin 'yarsa a aljihu, yarinyar da tun shigowarta take ɗaukar na ɗaya ta koma ta bakwai, yace shi bai yi boko ba amma ya iya lissafin kasuwa, 38 da 55 ba sa ba da 85. Wallahi gumi ne ya karyo min a wurin.

Na ruga zan duba tsofaffin foldojin sai na tuna babu su. Sati biyu bayan na gama aikin oga ya ce tunda komai ya shiga wannan abin nawa na yi fomatin ekstanal ɗin a zuba hotunan bikin yaye ɗalibai, kuma na yi, ban ce komai ba. Abin da ban sani ba shi ne Git ba ya ajiye ranar da aka taɓa fayil, abin da ke ciki kawai yake riƙewa, in ka fito da fayil ranar yau zai sa masa. Ga shi ban sa --date a kwamit ɗin ba, wanda da shi ake ba kwamit ranar da ake so, duk 37 ɗin git log, wato jerin kwamit ɗin, na nuna dare ɗaya ne. Shaidar da za ta gaya min wacce ta riga wacce da hannuna na goge ta.

A gaban malamai oga ya ce wa ya aike ni, wai shekara da shekaru ana aiki lafiya sai da na zo da iyayi. Nace ranka ya daɗe ai na sanar da kai kafin na fara, yace shi bai tuna ba. Maganar fomatin kuwa ko tayar da ita ban yi ba, me zan ce. Kuɗin takarda da tawada na sake bugawa a albashina aka cire, wata biyu.

Abin haushin, gyaran yana nan cikin Git ɗin, kwamit na 31, git diff, umarnin da ke nuna bambancin kwamit biyu, cikin minti biyu ya nuna min layin. Da na duba bambancin kowace folda da ta bayanta tun daren farko da na ga 40 ta koma 30.

Sauran ƙanana ne. Faswod ɗin databes, wato rumbun bayanan manhajar, da ya shiga kwamit yana nan a tarihi ko ka goge fayil ɗin, canza shi kawai. Excel da Word ka sa su in kana so amma ba za ka ga me ya canza ba. GitHub, shafin da ake ɗora ripo a intanet, ba ya karɓar fayil da ya wuce 100MB, na ƙona data kafin na gane. Kwanan wata kuma shekara nake farawa da ita yanzu, 2022-11-03, har a littafin bashin mai shayi.

Yaron da zai gaje ni na zaunar da shi kwana biyu na nuna masa ripo ɗin, yanzu kwamit ɗari biyu da wani abu ne kowanne da bayanin abin da aka taɓa da dalili. Zango biyar aka fitar da rizol bayan wancan ba wanda ya dawo da kati. A walimar sallama oga ya yi jawabi yace makaranta ta ci gaba ta fannin kwamfuta a ƙarƙashin kulawarsa, aka tafa, nima na tafa.